Na lafta wa tankar tunawa da Kaka tsatsa, ko akwai gyara?

Assalamu alaikum Kawu. Ni magidanci ne mai shekara talatin da 'yan kai, ina aiki a Kaduna. Kakana na wajen uba, Allah Ya jiƙansa, yana cikin sojojin da Turawa suka kai Yaƙin Bama. Ban taso na same shi ba, amma Baba yakan ba mu labarin da ya ji daga bakinsa, musamman na wata tankar yaƙi mai igwa biyu, ɗaya a ka ɗaya a gefen ƙirji. Da na bincika sai na gane M3 Lee ce. Na sa wani abokina da zai dawo daga Ingila ya sayo mini ƙaramin samfurinta na roba, irin wanda ake haɗawa da gam, ma'aunin 1/35, da niyyar in haɗa, in yi mata fenti, in ba Baba ranar Sallah. Haɗawa ta yi kyau, koren fentin akirilik da na shafa shi ma ba laifi. Sai na kalli yadda ake tsufar da irinta, na ce bari in nuna wahalar da su Kaka suka sha. Na lafta mata tsatsa ko'ina har sarƙa da tayoyi, na kwarara baƙin fenti mai ruwa, na ɗiɗɗiga tabon ɓarewar fenti. Da ta bushe maiɗakina ta dube ta ta ce, ba da mugun nufi ba, "Wannan ai ta 'yan gwangwan ce." Gaskiya ta faɗa. Abokaina kuma dama dariya suke yi mini, wai babba da ni ina wasan yara. Yanzu na tura ta ƙarƙashin gado. Kuɗin sun yi mini ciwo, kunyar ta fi. In jefar ne ko akwai gyara? Sannan akwai ɗan mutum-mutumin soja a cikin kwalin, ina shakkar kai shi gidan Baba. Ɗanka daga Kaduna.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya kyauta makwancinsa, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ka durƙusa ka jawo tankar nan daga ƙarƙashin gado tun kafin yara su riga ka. Babu abin da ya lalace a jikinta sai fenti, shi kuwa fenti ana wanke shi a sake wani. Aikin da ya fi wuya, wato harhaɗa 'yan gutsattsarin robar nan har su tsaya daidai, ka riga ka gama shi, kuma da bakinka ka ce ya yi kyau.

Amma kafin ka taɓa buroshi, mu tsaya a kan maganar maiɗakinka, domin idonta ya ga abin da ya kamata ka gani. Niyyarka ka nuna wahala, sai ka ɗauko tsatsa. To tsatsa mai yawa ba wahala take nunawa ba, yasarwa take nunawa. Ƙarfen da tsatsa ta cinye ƙarfe ne da masu shi suka tafi suka bari, ruwa da rana suka shekara da shekaru suna dukansa. Tankar da Kaka ya gani kuwa tana da masu ita, mutum shida ko bakwai a cikinta, waɗanda ransu ke rataye da lafiyarta. Kullum suna duba sarƙa, suna ɗaure noti, suna goge igwa, suna zuba mai da giris. Kuma sabuwa ce. Amurka ta ƙera M3 daga 1941 zuwa ƙarshen 1942, guda 6,258, yaƙin kuma ya ƙare a 1945. Ka ga ko wadda ta fi kowacce tsufa a Bama ba ta kai shekara biyar a duniya ba. Wahalarta tana nan, amma a wasu abubuwa take: ƙurar da ta kwanta a kowane lungu, taɓon da ya bushe a kan wani taɓon, man da ya zube a bakin tankin fetur ƙura ta bi shi ta manne, wurin da takalman direba suka goge fenti saboda hawa da sauka, da tarkacen da aka ɗaura mata a baya. Wannan duk shaidar aiki ce da mutane, ita ce kuma kake son Baba ya gani.

Ɗauki sarƙar ka duba da kyau. Waɗannan 'yan tubalan masu kusurwa huɗu da ke jere, masu taka ƙasa, a tanka ta gaske baƙar roba ce aka lulluɓe ƙarfe da ita. Haka aka yi wa yawancin M3. Tayoyin nan shida na kowane gefe su ma bakinsu roba ne. Roba kuwa ba ta tsatsa, komai daɗewarta a ruwa. Koɗewa take yi ta koma toka-toka, ta tsattsage, duwatsu su gutsure mata gefe, ƙura ta shiga tsakanin tubali da tubali ta zauna. Ƙarfen da ke fili a sarƙar shi ne 'yan maɗauran gefe biyu, masu haƙori a tsaye, waɗanda ke riƙe tubali da ɗan'uwansa. Su ma ba ja suke yi ba muddin tanka na tafiya. Inda suke gogar taya da haƙoran babbar tayar gaba mai jan sarƙa, ƙyalli suke yi, sauran jikinsu kuma ruwan ƙasa mai duhu. Duk wanda ya san tanka, da ya ga jar tsatsa a kan tubalan roba idonsa zai tsaya nan, ba zai ƙara ganin sauran aikinka ba.

Sai lissafin ma'auni, wanda shi ne ya kayar da kai a wajen tabo. 1/35 na nufin duk abin da ka sa a jikin samfurin, a gaske ya ninka haka sau 35. Tankar gaske ta ɗan haura mita biyar da rabi a tsawo, taka kuwa wajen santimita 16 ce. Tabon da ka ɗiga mai faɗin milimita 3, wanda a idonka ɗan mitsitsi ne, a jikin ta gaske ya haura santimita 10. Ɓarewar da dugadugin takalmi ko bakin sifana ke yi ba ta wuce santimita ɗaya ba, wato a taka ƙasa da sulusin milimita, ɗigon tsinin allura. Haka ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, in ka manna ta a matsayin taɓo, dutse ka manna. Ka riƙe wannan lissafin a ka duk lokacin da hannunka ya yi ƙaiƙayin ƙari.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi tunani a kai. Ba a tsufar da tanka haka kawai a iska. Ana zaɓar wuri ɗaya da wata ɗaya, a ce ga inda take, ga abin da ta ratsa jiya. Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, tana da damina mai ƙarfi daga wajen Mayu zuwa Oktoba, a gaɓar tekun Arakan, yankin yammacin ƙasar, ruwan shekara yana haura milimita 4,000, shi ya sa manyan farmaki da rani ake yin su. Sojojinmu na Afirka ta Yamma, daga Najeriya da Gold Coast, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya, yawancinsu a Arakan ɗin suka yi yaƙi, cikin runduna ta 81 da ta 82. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, a ƙafa, 'yan dako ɗauke da kaya a ka, jiragen sama suna jefo musu abinci da harsashi. A watan Fabrairun wannan shekarar, yamma da su, sojojin Japan suka yi wa sansanin kayan runduna ta 7 ta Indiya ƙawanya a Sinzweya, kuma tankokin Lee na rundunar 25th Dragoons ta Ingila suna cikin abin da ya hana sansanin faɗuwa. Runduna ta 82 ta iso a ƙarshen 1944, ta bi ta Buthidaung da kogin Kalapanzin, rundunonin biyu suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Kai da ke Kaduna kana wuce sunayen nan: barikin Kalapanzin da na Dalet, wanda shi ma sunan wuri ne a Arakan, a garinku, da barikin Chindit a Zariya, wanda ke tuna bataliyoyin Najeriya da suka shiga bayan sahun abokan gaba a arewacin Bama a 1944.

Ka lura da abu guda a cikin wannan. Mutanenmu sojan ƙasa ne da 'yan dako, Turawa da Indiyawa ne ke cikin tankokin. Ke nan Kaka daga ƙasa ya kalle ta, yana tsaye a gefen hanya ko yana tafe a bayanta, abu mai tsayin da ya haura mita uku yana wucewa. Abin da ke daidai idonsa shi ne sarƙa da tayoyi da gefen da ke cike da kawunan ribit, wato ƙusoshin da suka haɗe farantan ƙarfenta, abin da ya shiga hancinsa kuma ƙura. Don haka ƙarfin aikinka ya sauka ƙasa, ga ƙafafunta da cikinta, sama kuma ka bar ta kore da 'yar ƙura. In da ni ne zan ce: Arakan, rani, ta ratsa busasshiyar gonar shinkafa, da safe ta haye wani ɗan rafi. Ƙura fara-fara a sama, busasshen taɓo a gefe, ɗan danshi mai duhu a can ƙasa kusa da sarƙa.

Kuma ka yar da maganar ba-zata. Ka je gidan Baba a ƙarshen makon nan, bayan ka gaishe shi ka nuna masa hoton M3 a waya, ka ce, "Baba, ita ce wannan?" Ka tambaye shi ko Kaka ya taɓa ambaton sunan gari ko kogi, ko ya yi maganar ruwan sama ko ta ƙura, ko a Indiya ya gan ta lokacin da ake horar da su kafin shiga daji. Ka tambayi ko lambar yaƙinsa, Burma Star, ko takardar sallamarsa daga soja tana cikin adakar wata gwaggonka. Dattijo ya fi jin daɗin a zo a tambaye shi labarin mahaifinsa a kan a miƙa masa abu a gama. Abin da ya faɗa maka shi zai yanke maka wuri da wata, ya fi zaɓina.

To gyara. Hanya ta dogara da abin da ka yi tsatsar da shi. In fentin mai ne, kuma ba ka bi shi da banish ba, wato shafin kariya marar launi da ake yi a kan fenti, jiƙa buroshi da tinar fentin mai, wadda masu zane ke amfani da ita, ka matse shi a tsumma har ya kusa bushewa, ka riƙa sharewa daga sama zuwa ƙasa. Yawanci zai ɗago, koren akirilik ɗin da ke ƙasa kuma ya tsaya, domin wannan tinar ba ta cinsa. Kada dai ka malala ta, tana raunana roba a wurin gam, musamman mahaɗar sarƙa. In kuwa tsatsar ma akirilik ce amma ba ta yi kauri ba, kawunan ribit suna nan a fili, to kada ka wahalar da kanka, ka bi ta da sabon kore siriri shafi biyu. Sai in ta yi gudaji ta cike ramuka ne za ka wanke gaba ɗaya. Sami roba mai murfi, zuba Dettol na asali mai ruwan ƙasa ba tare da ka sirka shi ba, nutsa tankar ta kwana, da safe ka sa safar hannu ka goge da tsohon buroshin goge baki mai laushi. Kada ruwa ya taɓa ta sai fentin ya gama fita, in ba haka ba zai koma danƙo ya manne. Sifirit na kemis shi ma yana ɗaga akirilik. Abin da ba za ka kusantar da ita ba shi ne fetur, da tinar masu fentin mota, da ruwan goge jan farce. Waɗannan narkar da robar suke yi, wannan kuwa ba ta da gyara. Wasu ƙananan sassa za su ɓalle a wanka, don haka tace ruwan kafin ka zubar. Tamburan da suka zo a kwalin, in ka riga ka manna su, za su tafi, amma duba takardarsu, galibi akwai ragowa, farin tauraro kuwa ana iya yanka shi a tef a shafa.

In ta bushe sarai, sai fentin shimfiɗa, sai kore. Da koren zaitun na Amurka tankokin suka iso, Ingilishi kuma a Indiya da Bama suna da nasu kore mai duhu da suke kira SCC 13, don haka kowanne ka ɗauka kana kan hanya. Sirka fentin da ruwansa wajen rabi da rabi, ka yi shafi uku sirara maimakon ɗaya mai kauri, kana barin kowanne ya bushe. Ɗan ƙara masa ɗigon rawaya mai haske don saman jiki da murafu, domin ƙaramin abu yana yin duhu a ido fiye da babba, kuma duk abin da zai biyo baya duhu zai ƙara. Gwada kowane haɗi a bayan cokalin roba tukuna. In lokacin hunturu ne, fenti zai riƙa bushewa a bakin buroshi, ƙura kuma ta sauka a kan ɗanyen shafi, don haka yi aikin da sassafe ko da dare, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, da ka gama shafi ka kife ta da roba mai tsabta. Tubalan sarƙa da bakin tayoyi toka mai duhu, ba baƙi wuluk ba. Bayan haka banish mai sheƙi siriri, sannan tambura. Sheƙin yana hana iska maƙalewa ƙarƙashin tambari ta yi fari-fari, kuma yana sa abin da ke tafe ya gudana.

Abin da ke tafe shi ne baƙin ruwan nan da ka kwarara, amma wannan karon ba kwarara ba ce. Sayi fentin mai na masu zane, na 'yan tubu, ruwan ƙasa mai duhu. Matsa kaɗan a kan kwali, bar shi awa ɗaya ko biyu kwalin ya tsotse man, zai fi saurin bushewa kuma ba zai yi sheƙi ba. Sirka shi, fenti kashi ɗaya tina wajen kashi goma. Ɗauki buroshi mafi siriri, tsoma, ka taɓa tsininsa a gindin ribit ɗaya. Za ka ga ruwan ya zagaye kan ribit ɗin da kansa, ya bar ɗan zobe mai duhu. Taɓa bakin murfi, zai gudu ya bi layin har ƙarshe. M3 tana da ɗaruruwan ribit, kuma nan kyawunta yake, don haka kada ka yi gaggawa, gefe ɗaya a dare ya isa. Bayan kamar minti goma sha biyar, ka koma da buroshi mai tsabta da ɗan danshin tina ka share duk inda ya yi tabo a fili. Ka ga hikimar tsarin: akirilik a ƙasa, mai a sama. Ruwan da ke narkar da na sama ba ya taɓa na ƙasa, don haka kana da damar gogewa ka sake. Bar ta kwana biyu ko uku, sannan banish marar sheƙi. Kada ka fesa shi ranar da hadari ya haɗo ko iska ta yi danshi, yakan bushe da farin hazo a jiki.

Kafin ka sa ƙura, fita ka nemi inda ake aikin hanya, ka roƙi izinin direban katafila ka zagaya ta ka ɗauki hoto. Dubi inda ƙura ta taru: bayan kowane noti, kusurwar da bango ya haɗu da bene, saman murfin taya. Dubi inda babu ita: wurin da hannu ke kamawa, wurin da ƙafa ke takawa. Dubi yadda ruwa ya ja ƙura ya gangaro da ita layi-layi a gefe, da yadda ɗanyen taɓo ya fi busasshe duhu. Ka ƙirga wuraren da ka ga jar tsatsa a jikinta, alhali wataƙila ta girmi tankar Kaka nesa ba kusa ba. Za ka dawo da ido daban.

Ita ƙurar, allin zane mai launi, marar maiƙo, ya isa. Goga shi a takardar yashi ka sami gari, launi uku: fari mai ratsin rawaya, ruwan ƙasa mai haske, da toka-toka. Ka guji jan ƙasa irin ta bakin hanyoyinmu, ƙasar gonar shinkafa ta fi kusa da ta fadama. Zuba garin da busasshen buroshi a tsakanin tayoyi da gefen ciki, ɗan ɗiga tina a kusa da shi ta bi ta jiƙa shi, kada ka motsa, in ya bushe zai zauna. A gefen jiki ka ɗiga 'yan ɗigon fentin mai mai launin ƙura, ka ja su ƙasa da faffaɗan buroshi mai danshi har su kusa ɓacewa. Taɓo kuma garin allin da ɗan farin gam na kafinta da ruwa, da ƙasar da ka tankaɗe da tsumma mai laushi. Don fantsama, tsoma tsohon buroshi, ka karta gashinsa da tsinken sakace yana fuskantar bayan tanka da ƙasan gabanta, bayan ka gwada a takarda. Kada gefen dama ya zama tagwayen na hagu.

Tabo da tsatsa su ne na ƙarshe, kuma su ne gishirin miyar, ana ƙarawa amma ba a ragewa. Yagi ɗan soso, tsoma a ruwan ƙasa mai duhu, buga shi a takarda har ya kusa daina fitar da komai, sannan ka taɓa bakin ƙofar gefe, bakin murfin sama, da inda ake taka ƙafa a hau. Goga fensir a haƙoran tayar gaba, da haƙoran sarƙa, da maƙallan hannu, da bakin shebur, ka murza da yatsa, zai ba ka ƙyallin ƙarfe. Tsatsa a wuri uku kawai: salansa a baya, inda zafi ya ƙone fenti, da maɗauran gutsuren sarƙar ajiya da suke ratayawa a gaba, da wayar jan tanka. Ɗan duhun mai mai sheƙi kusa da murfin tankin fetur da kan inji. Bayan kowane mataki ka ajiye buroshi, ka ɗauki hotonta da waya, ka mayar da hoton baƙi da fari, ka jera shi da hotunan gaske. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan ya sa da yawa a intanet, har da na tankokin Lee suna haye kogin Irrawaddy a kan kwale-kwalen ƙarfe a Fabrairun 1945, a hanyar Mandalay. A nan ma za ka ga cewa da yawa an cire musu 'yar hasumiyar can ƙololuwa an sa murfi. Ranar da hotonka ya fara kama da nasu, ka tsaya, ko da hannunka bai ƙoshi ba.

Batun ɗan sojan ba shi da wahala. Tanka ba mai rai ba ce, babu dattijon da zai ɗaga ido don ita. Siffar mutum kuwa malamai sun yi magana a kanta, kuma ka fi kowa sanin gidanku. Tunda zuciyarka ta yi shakka, bar shi a kwali. Buɗe murfi ɗaya, naɗe 'yar takarda mai laushi da ka jiƙa da gam ta zama tamfol, rataya ɗan bokiti a baya. Mai kallo zai san akwai mutane.

Su kuma abokanka, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ƙera motar kara ko ta langa-langa, kuma ya san wanda ya fi kowa iyawa a unguwa ana girmama shi. Abin da kake yi cigaban wannan ne, da tarihi a ciki. Masu zanen gine-gine suna ƙera samfuri kafin a aza tubali, sojojin wancan yaƙin ma da ƙananan samfura aka koya musu bambanta jirgin abokan gaba da nasu. Ma'aunin 1/35 ɗin da kake riƙe da shi kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa shi tun shekarun 1960, kuma har gobe manya masu furfura ne suka fi cika wannan sana'a. Ba sai ka yi musu da kowa ba. Maiɗakinka kuwa ka mayar da ita alƙaliyarka, ka riƙa nuna mata bayan kowane mataki, tunda ta tabbatar maka ba za ta ɓoye gaskiya ba. Ka kuma faɗa mata abin da gyaran zai ci tun yanzu. Ba mai yawa ba ne: tubu biyu na fentin mai, kwalbar tina, alli, banish. Ka buɗe taga in kana aiki da tina, ka kulle kayan inda yara ba za su kai ba.

In ta kammala, sa kafinta ya yanka maka ɗan katako mai tsawon santimita 25, ka shimfiɗa ƙasar da ka tankaɗe, ka danna sarƙar a ciki tun tana ɗanya don tankar ta zauna da nauyinta, mai gilashi kuma ya yi maka murfi saboda ƙurar gida. A gaba ka rubuta sunan Kaka, da lambarsa ta soja in an samu takardar, da wurin da shekarar da Baba ya ba ka. In Sallah ta zo ba ta gama bushewa ba, kada ka shanya ta a rana ko ka hura mata zafi, roba ce, za ta lanƙwashe. Ka kai wa Baba yadi da turare yadda ka saba, ka ce masa tankar tana hanya. Allah Ya yi maka albarka, ka gaida maiɗakinka da yara.